Shekarar da Dawar Baba Ta Yi Jan Fure

Ranar wata Lahadi a ƙarshen watan Yulin 2012 dawar Babanmu ta yi fure. Mun dawo daga sujada ke nan, ko takalman coci ban cire ba, Baba ya ja hannun Dattijo Yakubu ya ratsa da shi falo da ɗakin girki, ya buɗe ƙofar baya da alfahari. Dattijon nan tun daga unguwar Cheetham Hill da ke wancan gefen Manchester ya biyo mu, ya sauka wannan bas ya hau wancan, don kawai ya ga gonar da aka cika masa kunne da labarinta. An kwana biyu ana tsuga ruwa, ba wanda ya leƙa lambun. Sai ga kunyoyin da Baba ya ja da hannunsa sun yi jawur, wani ja mai ruwan lemo kamar an watsa manja, kowane kara ya sunkuyo da furanni jere a kansa, ƙudan zuma suna ta shige da fice. Dattijo ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, sannan ya ce a hankali, "Malam Ishaya, wannan wace irin dawa ce?" Kafin Baba ya sami abin faɗa, maƙwabciyarmu Misis Doyle, wata tsohuwar Baturiya da ba abin da ke wuce ta, ta ɗago kai ta saman katanga tana murna, ta ce da Turanci ba ta taɓa ganin crocosmia ɗin gidan nan, wato furen da ke fitowa a lambun duk shekara, ta yi kyau irin na bana ba, me muke zuba mata haka? Ni da nake shekara goma sha ɗaya na san amsar, domin ni na yi ta ɗauko buhunan takin daga bakin titin Stockport zuwa gida.

Yadda aka yi muka kai ga wannan abin kunya kuwa, sai an koma baya kaɗan. Baba ya yi shekaru yana aiki a wata cibiyar matasa ta council, wato ƙaramar hukuma, har lokacin da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, aka rufe cibiyar, aka sallame su duka. Da sanyin hunturu muka bar gidan da aka haife ni muka koma wani ƙarami a unguwar Longsight, irin gidajen nan da ke manne da juna, mai ɗan fili a baya wanda in ka shimfiɗa tabarma huɗu ka gama da shi. Mama tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ta fita da safe ta dawo a gajiye. Baba kuma ya sami wata kujera kusa da taga ya zauna. Da kwat ɗinsa yake zama a cikin gida, saboda ba ma kunna abin ɗumama ɗaki sai yamma, waya a kan cinya, yana jiran kiran da ba ya zuwa. Mutumin da a da in yana dariya ake ji daga layi na gaba, sai ya zama in na dawo daga makaranta na gaishe shi, kai kawai yake ɗagawa. Na sha ganin Mama ta tsaya a ƙofar ɗakin girki da cokali a hannu tana kallon bayan kansa. Ban san sunan abin da take tsoro ba a lokacin, amma na san zaman kujerar nan ne.

Da bazara ta shigo, wani ɗan cocinmu ya dawo daga gida da tsarabar ɗan ƙullin irin dawa da kan fartanya. A ranar Baba ya miƙe. Ya sassaƙa wa fartanyar ƙota da karyayyen sandan tsintsiya, ya fita ya share busassun ganyayen da muka tarar a filin, ya yi huɗa, ya ja kunya biyar gajeru, ya sa ni bin bayansa ina zuba iri ina rufewa da diddige. Ba a daɗe ba tsiro ya fito, kore shar, ganye dogo mai tsini. Kada a tambaye ni yadda ɗan manomi ya kasa bambance dawa da fure. Baba ya bar ƙauyensu tun yana yaro aka kai shi makarantar kwana, noman da ya sani a bakinsa ya fi yawa, kuma abin da ya fi wannan, yana so ta zama dawa. Duk abin da bai yi kama ba, yana da dalilinsa. Ganyen ya fito a baje, ya ce sanyin ƙasar nan ne. Tsiron ya fito har a cikin kwari inda ba mu shuka ba, ya ce ni ce hannuna ke zuba. Karan ya ƙi yin tsawo, ya ce gajerar dawa ce mai saurin nuna. Ita kuwa dawar gaskiya tun a makon farko ta ruɓe a cikin ƙasa mai sanyi, abin da ya rage tattabaru suka tsince. Mama ta taɓa sunkuyawa ta tona gindin guda ɗaya da yatsa, ta daɗe tana duba abin da ta gani, sannan ta mayar da ƙasar ta shiga ciki. Shi kuwa Baba har ya tashi a gaban jama'a ya yi alkawarin kawo damin dawa ranar godiyar kaka.

Dattijo Yakubu mutumin kirki ne, bai yi dariya ba sai da ya kai bakin titi. Amma labari ya riga mu zuwa coci, makon da ya biyo baya matan zumunta suna ta tambayar Mama ko an fara girbi, a ajiye musu na kunu. Na ɗauka Baba zai koma kujerarsa. Ashe ran maza ne ya ɓaci. Ya ce shi ba zai wahalar da harshensa da sunan Turawa ba, sunanta Maƙaryaciya, tunda ta ci takinsa da sunan dawa. Ya rantse ko ganye ɗaya ba zai kwana a gidansa ba. Daga ranar na rasa Asabar ɗina.

Yadda ake yi wa ciyawa a ƙauyensu haka ya yi mata. A sare ta da fartanya, a kife ta, a ja ƙasa a rufe, rana ta gasa ta, ta ruɓe ta zama taki. To wace rana a Manchester? A shekarar nan ma sama kamar an huda ta. Ni ce mai kwashe ganye, ni ce mai jan bokiti, ni ce mai wanke fartanya. Ta bayan katanga ina jin ƙawayena a lungu suna tsallen igiya, suna jifan gefen titi da ƙwallo suna ihu, wani lokaci su ƙwanƙwasa ƙofar baya su tambaya ko Hannah za ta fito. Baba ya amsa musu da cewa Hannatu tana gona. Gona! Filin da igiyar shanya ɗaya ta ratsa shi daga farko har ƙarshe. In na ce, "Dad, it's raining," sai ya ce, "Ke gishiri ce da za ki narke?" Ran Litinin in je makaranta da baƙar ƙasa a ƙarƙashin farce, malama tana nuna mana yadda ake tsirar da wake a kofi da auduga, ni kuwa ko kallon kofin ba na son yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Mama. Duk ƙorafin da na kai mata, sai ta yi kunnen uwar shegu da ni, ta ce in je in taya Babana. Da yamma kuwa Baba zai shigo yana huci, ya wanke hannu, ya ci tuwo malmala biyu yana zagin Maƙaryaciya, yana ba mu labarin yadda kakansa ya taɓa raba gona da ƙudujin da ya gagari kowa.

Da sanyi ya shigo, filin ya yi fes, Baba ya ce an gama da ita. Ina! Watan Maris na shekara ta gaba sai ga ta ta dawo da dangi. Inda a da take kan kunyoyi kaɗai, yanzu har gindin katanga, har ƙarƙashin kwandon shara, har tsakanin duwatsun bakin ƙofa. Misis Doyle ce ta kira ni wata rana bayan makaranta, ta tono guda daga nata gefen ta nuna mini. A ƙarƙashin kowane tsiro akwai ƙwaya kamar ƙaramar albasa, a ƙarƙashinta akwai ta bara, a ƙarƙashin wannan akwai ta bara waccan, jere kamar jigida. Duk saran fartanya tsinka jigidar yake yi ya watsa, kowace ƙwaya kuma ta tashi da kanta. Wato dai shekara guda muka yi muna yi mata shuka ba tare da mun sani ba. Ta ce magani ɗaya ne, a ajiye fartanya, a tona da zurfi, a tankaɗe ƙasar, a tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a ɗaure a leda. Da gudu na kai wa Baba wannan albishir. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Matar da ke sayen dankali a leda ce za ta koya mini noma?" Ya miƙa mini bokiti. Ranar na yi kukan takaici a gindin igiyar shanya, ina kwasar ganye ina zaginta da Turanci ƙasa-ƙasa.

Dama ta zo mini a hutun Ista. Kawu Bitrus, ƙanen Mama da ke zaune a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, ya kira ya ce ana neman ma'aikata a can, Baba ya zo ya gwada. Mama ta goge masa riguna, ya aske gemu, ya hau mota zai yi mako guda. Ko ƙurar motar ba ta kwanta ba na ari shebur wurin Misis Doyle, na ɗauko tsohuwar rariyar Mama. Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba, kuma ba don kowa na yi ba, don Asabar ɗina na yi. Daga safe har hannuna ya sandare ina tona, ina tankaɗe, ina tsince. Wasu ƙwayoyin sun kai goro, wasu ba su wuce gyaɗa ba, wasu sun maƙale a gindin katanga sai da cokali na zaƙulo su. Tafin hannuna ya yi kanta, bayana kamar zai karye, amma duk ƙwayar da ta faɗa leda wani sanyi nake ji a raina. Mama tana dawowa daga aiki ta tsaya ta taga ta kalle ni, ba ta hana ni ba, ba ta kuma yaba ba. Na cika baƙaƙen ledoji biyu na ɗaure bakinsu tam. Sai dai a shekarun nan council ta rage zuwan motar shara, kwandonmu kullum a cike, don haka na jingine ledojin a bayan ƙofar lungu kafin a sami wuri.

Baba ya dawo ran Juma'a da yamma. Tun daga yadda ya ajiye jaka muka san ba a dace ba. Na kasa haƙuri, na ja shi zuwa ƙofar baya na buɗe. Ƙasa baƙa, lallausa, a baje kamar an shimfiɗa bargo, ko tsinke babu. Ya daɗe yana kallo. Ya dafa kaina ya ce, "Sannu da aiki, Hannatu. Kin fi ni." Ya rataye fartanyar a ƙusa, ya shiga falo, ya zauna a kujerar nan ko kwat bai cire ba.

Na sami Asabar ɗina. Na yi tsallen igiya har ƙafata ta yi ciwo, na bi Mama kasuwar Longsight na riƙe mata leda a wurin mai nama, na kwanta na yi barci har rana ta ɗaga. Amma gidan ya yi tsit. Mama ta sayo irin masara da na alayyafo ta ajiye a hannun kujerarsa, ya ce a ba Hannatu, ita ta iya. Tuwon da yake cin malmala biyu sai a ɗauke kwanon da saura. Ya daina aske gemu. Ran Lahadi ya ce mu je, kansa na ciwo, kuma Baba bai taɓa fashin coci ba tunda na san shi. Ni dai na ga duk wannan, amma na ce a raina ba ruwana, ni aikin kirki na yi.

Wata safiya da Baba ya tafi ofishin masu neman aiki, Mama ta kira ni lambu. Na tarar ta jawo ledojin nan biyu tsakiyar fili ta kwance bakinsu. Shegun ƙwayoyin har sun fara tsiro a cikin duhu, fari-fari. Ta miƙa mini cokalin da na yi tono da shi ta ce, "Zo mu mayar." Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Mama, kin san kwana nawa na yi ina tsince su? Dubi hannuna!" Ta kama hannun ta duba, ta ce ta gani, sannu. Na ce ai ga masara, ga alayyafo, ya shuka abin da za a ci mana. Ta ce, "Mutumin da ya gaji da jiran a kira shi, ke za ki ce ya shuka abu ya sake zaman jira? Ba shi da sauran ƙarfin jira. Wanda zai yi faɗa da shi yake buƙata, yau-yau." Na ce ni ba zan yi ba. Sai ta sassauta murya ta ce, "Hannatu, irin zaman nan na Babanki kullum ina ganinsa a wurin aiki. Wanda ya fara shi ba ya tashi." Na karɓi cokalin. Allah na gani, ban karɓa da daɗin rai ba. Ina tona rami ina kuka, ina cusa ƙwaya ina tsaki, Mama tana bina tana baje ƙasa da tafin hannu don kada a gane. Misis Doyle ta leƙo ta saman katanga, ta ga abin da muke yi, ta koma cikin gidanta. Har muka bar unguwar na tabbata tana ganin ba mu da cikakken hankali.

Ba a yi mako biyu ba. Ran wata Asabar ina kwance ina shirin fita wasa, sai na ji ƙofar baya ta buɗe, sannan wata murya da na kwana biyu ban ji ba ta girgiza gidan: "Hannatu! Kawo fartanya! Maƙaryaciyar nan ta dawo!" Da na sauko na same shi a tsakiyar fili da silifas, yana nuna tsiron da yatsa yana faɗa, wai ga aikin Turawa nan, ga tankaɗen nan da aka cika shi da shi, da ma ya faɗa. Ni aka ɗora wa laifi, wai ban tona da zurfi ba. Na juya na harari Mama, ita kuwa tana bakin murhu tana ƙara gari a tukunya, ko kallona ba ta yi ba. Haka na koma jan bokiti har ƙarshen shekarar da ta gaba, muna sara tana ƙaruwa, Baba yana zagi yana cin tuwo. Daga baya Kawu Bitrus ya sake kira, Baba ya sake tafiya, wannan karon da gemu a aske da baki cike da magana, aka ɗauke shi tuƙin bas. Muka tattara muka koma Sparkbrook, muka bar wa wanda ya gaje mu lambu cike da ja.

Yanzu na girma, aiki ya maido ni Manchester, ina zaune a bene hawa na uku inda ko tukunyar fure ban ajiye ba. Asabar ɗina tawa ce, ba mai tashina, ba mai miƙo mini bokiti, kuma sau da yawa har azahar ban san abin da zan yi da ita ba. In na ga jan furen nan a lambun wani, har yau bayana ke fara amsawa kafin idona ya ga kyansa. Baba bai taɓa sanin abin da muka yi ba. Ya yi ritaya bara. Watan jiya Mama ta kira ni, muka gaisa, sannan ta ce ya sami wata kujera kusa da taga. Ta ce in zan zo ƙarshen mako, in biya inda ake sayar da kayan lambu in sayo mata ƙwayoyin Maƙaryaciya, leda guda, kada in bari ya gani. Na ce, "Mama, da kuɗina kuma?" Ta ce da kuɗina. Na saya, na hau jirgin ƙasa da ita a kan cinyata ina tsaki har Birmingham. A wannan karon ni na roƙi a ba ni cokalin.